RA'AYINMU: Yaron Amarawa da Jirgin Yaƙin Cikin Waya

Tun da 'yan'uwanmu ɗalibai na ƙasar Illela suka dawo daga hutu suke kawo mana wata magana, wadda da jin farko mutum zai ce ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Maganar kuwa ita ce ta wasannin nan na jiragen yaƙi da suka cika wayoyin hannu da shagunan gem a Amarawa da Illela da sauran garuruwan bakin iyaka. Yaro ɗan shekara takwas ko tara zai tara ɗan abin da ya samu na dako ko na tallar ruwa ran Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, ya kai wa mai shago, a ba shi benci da abin dannawa. Kafin ƙiftawar ido ya zama matuƙi, yana keta gajimare, yana harbo jiragen abokan gaba, yana zuba wa ƙasa wuta, maki na ta hauhawa a gefen allo. Wanda ba shi da kuɗin shago kuwa sai ya jira wansa ya ajiye waya, domin mai cajin waya ya riga ya tura masa irin wannan wasa tare da waƙoƙi da finafinai.

Iyaye sun rabu biyu a kan al'amarin. Wasu suna cewa wannan koyar da kisa ne tsagwaronsa, a ƙasar da ta riga ta gaji da ƙarar bindiga, saboda haka hukuma ta rufe shagunan kowa ya huta. Wasu kuwa suna cewa haba, wasa ai wasa ne, gara yaro ya zauna inda ake ganinsa da ya bi 'yan fasa-ƙwauri ta hanyoyin daji zuwa Birnin Ƙonni. Mu dai a wannan mujalla ba mu ɗauki maganar kowane ɓangare ɗungurungum ba. Ba mu yarda cewa wasa zai mai da yaro ɗan bindiga ba. Abin da ke damunmu shi ne wurin da wasan ke zaunar da yaro. Yana ɗora shi can sama, ya share masa mutanen da ke ƙasa, alhali kuwa shi yaron Amarawa da iyayensa da awakinsu da rumbunansu duk a ƙasa suke zaune, kuma a 'yan shekarun nan mutanen wannan yanki sun san abin da ke faɗowa daga sama.

Bari mu fara da abin da masana suka gano, don bai kamata ɗalibin jami'a ya shiga gardama da kame-kame ba. A shekarar 1919 ba a san wannan tambaya ba, amma shekara ɗari daidai bayan nan, watau a 2019, wasu masana biyu, Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein ta Jami'ar Cardiff, sun buga sakamakon binciken da suka yi kan matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya. Sun tambayi yaran irin wasannin da suke yi, suka kuma tambayi iyayensu halin yaran a gida. Ba su sami shaidar cewa masu yin wasannin faɗa sun fi sauran yara saurin kai hannu ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana cewa akwai ɗan ƙaramin dangantaka tsakanin irin waɗannan wasanni da ƙananan halaye kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujja da za ta sa a ɗora musu alhakin kisa da zub da jini. Tun a 2011 ma Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokar Jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali. Mu ma nan gida ba ma bukatar Bature ya gaya mana cewa waɗanda suka addabi ƙasashen Isa da Sabon Birni ba a shagon gem suka koyi sana'arsu ba. Talauci da zalunci da rigimar gona da burtali, da makaman da suka barbazu a Sahara tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011, su ne malamansu. Duk wanda ya ce kulle shagon gem zai kawo zaman lafiya a gabashin Sakkwato, to ya bar jaki yana dukan taiki.

Amma fa a lura da su wa aka yi wa wannan bincike. Matasa ne 'yan shekara 14, a ƙasar da rabonta da ganin bom daga sama tun yaƙin duniya na biyu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin rugugin jirgi da hantsi ya ga uwarsa ta bar tukunya a kan murhu ta sunkuci ƙaninsa. Sakamakon binciken gaskiya ne a inda aka yi shi, mun kuma karɓe shi, sai dai tambayar da ya amsa ba ita ce tamu duka ba.

Gardamar kanta ba sabuwa ba ce. A shekarar 1982 kamfanin Activision na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna River Raid, wanda wata mata, Carol Shaw, ta tsara don na'urar Atari. Ɗan ƙaramin jirgi ne ke bin kogi yana harbin jiragen ruwa da masu saukar ungulu da gadoji, zanen kuwa duk na 'yan ɗigo-ɗigo ne, yaron yau in ya gani dariya zai yi. Duk da haka a watan Disamba 1984 hukumar kare tarbiyyar matasa ta Jamus ta Yamma ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka hana sayar wa yara, yana cikin wasannin farko da aka yi wa haka. Dalilin hukumar shi ne wasan yana sa yaro ya ɗauki kansa matuƙin yaƙi mara imani wanda ba shi da aiki sai hallakarwa. A 2002 aka cire shi daga jerin, aka ce kowa ya yi. Masu kare wasanni sukan kawo wannan labari don su yi wa Jamusawa dariya, su ce ga tsoron banza nan ya tashi a tutar babu. Mu kuwa ba mu ga abin dariya ba. Mutanen da suka yanke wancan hukunci a 1984, da yawansu suna yara aka yi wa Hamburg ruwan wuta a 1943, aka yi wa Dresden a 1945. Jiki magayi. Da zamaninsu ya shuɗe, masu tunawa suka ragu, sai hukuncin ya canja. Ashe ke nan dacewar wasa ga yaro ba abu ne da ake yankewa sau ɗaya don duniya duka ba, yana bin ƙasa da abin da mutanenta suka gani da idonsu.

To, wa ke yanke mana namu hukuncin? A halin yanzu lambar da ke jikin kwalin wasa, ko a shafin da ake sauke shi, hukumomi biyu ne suka fi ba da ita: ESRB ta Amurka wadda aka kafa a 1994, da PEGI ta Turai wadda ta fara aiki a 2003. Shahararren wasan jiragen yaƙin nan Ace Combat 7, wanda kamfanin Bandai Namco na Japan ya fitar a 2019, Turawa sun ba shi shekara 12, Amurkawa suka ce daga 13. Kusan haka aka yi wa War Thunder. Iyaye kaɗan ne a Amarawa suka san da wannan lamba, wasan da aka turo daga wayar mai caji kuwa ba ya ma zuwa da kwali balle lamba. Amma ko da kowane uba ya iya karanta ta, akwai wani abu a cikin ma'aunin kansa da ya kamata a sani. Masu ba da lambar suna duba yawan jinin da ake gani, da kusancin kisan ga ido, da ashar, da tsiraici, da caca. In aka daba wa mutum ɗaya wuƙa a gabanka jini ya fantsama, sai lambar ta haura 18. In aka saki bom daga nisan da ba a ganin kowa, gini ya tashi hayaƙi ya turnuƙe, sai ta sauko 12. Watau gwargwadon nisanka da wanda ka kashe, gwargwadon tsabtar wasan a wurinsu. Ba mu ce sun yi haka da mugun nufi ba, suna kare yaransu ne daga abin da zai firgita su. Sai dai wannan ma'auni na mutanen da jiragensu ke tashi ne, ba na waɗanda jirage ke bi ta kansu ba.

Masu karatun tarihi a cikinmu sun san wannan nisa yana da dogon labari a ƙasar nan. A watan Maris 1903 ne sojan Ingila suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya, bindigar nan mai ruwa ta hana mahaya isa inda takobi zai yi amfani. A watan Disamba na wannan shekara dai 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka tashi da jirgin sama na farko a Amurka. Shekara takwas kacal aka yi kafin a haɗa abubuwan biyu. Ran 1 ga Nuwamba 1911 wani hafsan Italiya, Giulio Gavotti, ya jefa gurneti daga jirginsa a kusa da Tarabulus ta Libiya, shi ne karo na farko a tarihin duniya da aka saki bom daga jirgin sama, a kan ƙasar Afirka kuma. Jiragen da suka sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, waɗanda akan fara tarihin sufurin sama na Nijeriya da su, na mayaƙan saman Ingila ne da suka taso daga Masar. Tun ran farko mu ne a ƙasa muna ɗaga kai, wani ne a sama yana leƙowa.

Da wannan ya tsaya a littattafan tarihi da sauƙi. Ran 18 ga Fabrairu 2022 jirgin yaƙi ya saki bom a ƙauyen Nachade, cikin ƙasar Madarumfa ta Jihar Maraɗi, dab da iyakar Nijeriya. Gwamnan Maraɗi na lokacin ya ce jirgin sojan Nijeriya ne da ke bin sawun 'yan bindiga ya yi kuskure, yara 7 suka rasu, 5 suka ji rauni. Ya ce iyayen suna wurin wani biki, yaran kuwa ga alama wasa suke yi. Wasa, jama'a. Yara ne Hausawa 'yan bakin iyaka, ba su da bambanci da na Amarawa ko da na sisin kwabo. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya saki bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙasar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85, wasu ƙungiyoyi suka ce adadin ya wuce 100, mata da yara sun fi yawa. Soja sun amsa cewa nasu ne, babban hafsansu ya je garin ya ba da haƙuri. Ran 25 ga Disamba 2024 abin ya iso cikin gida, aka kai hari ta sama a kan 'yan Lakurawa a wajen Gidan Bisa da Runtuwa cikin ƙasar Silame, aƙalla mutum 10 na gari suka rasa rayukansu. Soja suka ce makaman 'yan bindigar ne suka tarwatse suka shafi jama'a, mutanen gari suka ce ba haka suka gani ba. Shekara guda cif bayan nan, ran 25 ga Disamba 2025, Amurka ta kai nata harin cikin wannan jiha da yardar Gwamnatin Tarayya, ɓaraguzan makami suka faɗo a gonakin Jabo ta ƙasar Tambuwal, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai a garin ba. Mutanen Illela kuwa ba su manta da damina ta 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, lokacin da aka rufe iyaka, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar, manya na zaune a tabarma suna lissafin ta ina jirage za su bi, yara na gefe suna saurare. Sai a watan Maris 2024 aka buɗe iyakar.

Yanzu mai karatu ya tambayi kansa, shin me wanda ya danna maɓalli a daren Tudun Biri ya gani? Bai ga malami da almajiransa ba, bai ji bege ba, bai ji ƙanshin abincin sadaka ba. Allo ya gani, da wasu 'yan fararen ɗigo da suka taru wuri guda cikin duhu. Irin wannan allo ne sak aka kwaikwaya a cikin wasu wasannin. A 2007 wasan Call of Duty 4 ya zo da wani babi inda mai wasa ke zaune a cikin jirgin AC-130, yana kallon ƙasa ta na'urar gani da dare, yana harbin 'yan fararen inuwoyi masu gudu, muryoyin abokan aikinsa na yaba masa cikin kwanciyar hankali. Shi wannan Amurkawa sun ce sai ɗan shekara 17. Amma tun daga lokacin ƙananan kamfanoni suka cika wayoyin hannu da kwaikwayonsa kyauta, babu mai tambayar shekarun kowa. Kamannin ya kai har a watan Nuwamba 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa wani hoto tana cewa hujja ce ta abin da Amurka ke yi a Siriya, sai masu bin diddigi suka gano an ciro shi ne daga wani wasan waya na jirgin AC-130. A 2022 ma an yi ta yaɗa hoton wani gwarzon matuƙin Yukren yana harbo jirgin Rasha, daga baya ta bayyana daga wasan kwamfuta aka ɗauko shi. In har ma'aikatar tsaron babbar ƙasa za ta iya ba duniya hoton wasa a matsayin na yaƙi, ina ga yaro ɗan aji uku a firamare?

Za a ce mana ai yaran Hausawa sun daɗe suna wasan yaƙi. Gaskiya ne, kuma ba ma cikin masu son a rene mana yara kamar ƙwai a cokali. Mun yi bindigar kara, mun yi baka da kibiya, mun harbi ƙadangaru da danƙo. Langa kanta yaƙi ce ƙarama, ga ruwa ga dawakinsa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana neman ya kai abokin karawa ƙasa. Kokawa kuwa a wannan yanki ba sai an faɗa ba, maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa baki ɗaya, a Tawa ma aka fara ta. Amma a duk waɗannan wasanni wanda ka kayar yana da suna, ka san gidansu. In ka wuce gona da iri zai yi kuka a gabanka, wansa zai tare ka a hanyar rijiya, da daddare uwarsa za ta yi sallama a gidanku. A nan yaro ke koyon cewa ƙarfi yana da iyaka, kuma wanda aka buga yana jin zafi. Wasan jirgin da ke harbin ƙasa ya ɗauko daɗin cin nasara ya bar wannan darasi a baya. Ba a jin kuka, ba a ganin jana'iza, in ka gama da gari ɗaya sai a buɗe maka na gaba, a ƙara maka makami mafi girma. Malamanmu sun karantar da mu wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan da zai tafi Sham, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, inda ya hana shi taɓa mata da yara da tsofaffi, ya hana shi sare itatuwa masu 'ya'ya da rushe gidaje. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ma a kan wannan ya ginu, watau wajibi ne mai yaƙi ya rarrabe mayaƙi da farar hula. Duka biyun suna bukatar abu guda, mai makami ya tsaya ya duba wane ne a gabansa. Wasan da ke ba da maki don saurin dannawa kishiyar haka yake koyarwa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, adalci ne mu faɗi haka. Ace Combat 04 na shekarar 2001 labarinsa daga bakin wani yaro ake jinsa, wanda jirgin da aka harbo ya faɗo kan gidansu ya hallaka iyalinsa. Masu tsara shi sun tuna akwai mutane a ƙasa. Akwai kuma wasannin tuƙin jirgi waɗanda babu harbi a cikinsu ko kaɗan, irin su Microsoft Flight Simulator da ake ta sabuntawa tun 1982, inda aikin shi ne ka tashi lafiya, ka karanta alƙaluma, ka lura da iska da mai, ka sauka lafiya. Yaron da ke mafarkin zama matuƙi, irin wannan ne ya fi kusa da abin da ake koyarwa a Kwalejin Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, kuma ba mu ga dalilin da zai hana ɗan Amarawa shigarta ba.

Saboda haka ga hukuncinmu, ba tare da kwana-kwana ba. Wasan da ke sa mai yi ya leƙo ƙasa ta idon jirgi yana harbin mutane ko gidaje ko motoci a kan hanya, bai dace da yaro ba, kowace lamba aka manna masa a Turai, kuma a ƙasar da ta binne mutanen Silame bai kamata a gan shi a kan bencin yara ba sam. Na karon jirgi da jirgi a sararin sama, wanda ya fi kama da tsere da gwada ƙwarewar hannu, muna ganin yaron da ya kai shekara 12 ko 13 zai iya yi, in da babba a kusa da ya san abin da ke ciki. Ƙasa da haka a bar su da na ƙwallo da na tseren mota. Yaron kuwa da aka taso da shi daga ƙauyensu saboda hari, wanda ke firgita in babur ya yi ƙara, irinsu kuma suna nan a garuruwanmu da dama, wannan ko ɗan shekara nawa ne a nisanta shi da abin, ko da shi ya nace.

Ba mu goyon bayan a aiko 'yan sanda su kulle shaguna. Mai shagon gem saurayi ne ɗan gari wanda rufe iyaka na 2019 da na 2023 suka karya wa jari, ya sayi tsohuwar na'ura da ɗan janareta yana neman na tuwo. In an kulle shi wasan ba zai mutu ba, zai koma cikin waya ne a lungu inda babu mai gani. Abin da ya fi shi ne masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su zauna da masu shagunan a yi yarjejeniya a fili: ga wasannin manya, ga na yara, kuma ba a karɓar kuɗin yaro lokacin makarantar boko ko ta allo. Wannan na ƙarshen ma wataƙila ya fi komai gaggawa, don Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta amince da sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma ba sai an je Janiba ba kafin a san cewa yaron da ya yini a benci bai wanke allonsa ba.

A nan ne aiki ya faɗo kanmu, 'yan'uwa ɗalibai. Uba manomi ko ɗan tireda ba zai iya bambance wannan wasa da wancan ba, duk jirgi ne a wurinsa. Mu ne muka san sunayensu, muka san abin da ke cikin babi na biyar da na goma. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, waɗanda ba a cika jin ɗuriyarsu ba sai lokacin rabon kuɗin tallafi ko bikin yaye 'yan ajin ƙarshe, ga abin yi ya samu. A hutu mai zuwa a zagaya shagunan Amarawa da Illela da Kalmalo da Araba, a duba abin da ke cikin na'urorin, a rubuta wa mai shago jerin sunaye da Hausa da ajami ya manna a bango. 'Yan sashen kimiyyar kwamfuta kuma, waɗanda kowace shekara suke rubuta mana manhajar rajistar ɗakin karatu iri ɗaya don su sami digiri, me zai hana wani ya gwada tsara wasan da mai yinsa ke ƙasa, yana ƙoƙarin fitar da ƙannensa da dabbobinsu daga gari kafin jirgi ya dawo?

Sauran maganar ta hukuma ce. Kunya ce a ce manya sun haɗa gumi a kan jirgin cikin waya, sun yi gum a kan na gaske. Bayan Rann a 2017, da Nachade, da Tudun Biri, da Silame, kusan kowane karo an yi alkawarin bincike. Muna kira ga Hedkwatar Tsaro da Majalisar Tarayya, musamman wakilanmu na Jihar Sakkwato, da a fito da cikakken rahoton kowane ɗaya daga cikinsu: wa ya kawo labarin sirri, wa ya tabbatar da shi, wa ya ba da umarni, me aka gyara daga baya, nawa aka biya iyalan mamata. A fassara shi da Hausa da Fulatanci, a karanta shi a Rediyon Rima da sauran gidajen rediyon da ake kamawa a bakin iyaka, tare da sunayen waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya da shekarun kowannensu.